Kwana 180 da neman zaman dindindin a Birtaniya: amsa ga wanda jinya, rasuwa da aikin Hajji suka haɗe masa

Tambaya: Ni ma'aikacin jinya ne a wani asibitin gwamnati a Ingila. An ba ni bizar ma'aikatan lafiya a watan Maris na 2021, ke nan a Maris na 2026 zan cika shekara biyar, kuma ina so in nemi izinin zama na dindindin. Na je Kano jinyar mahaifina daga 15 ga Satumba zuwa 20 ga Disamba 2023. Ban daɗe da dawowa ba Allah ya yi masa rasuwa, na sake komawa daga 3 ga Fabrairu zuwa 25 ga Maris 2024. Sannan na tafi aikin Hajji daga 1 ga Yuni zuwa 12 ga Yuli na shekarar. A lissafina ban kai kwana 180 a waje ba a 2023, ban kai ba a 2024. Tsohon fasfona yana Kano, ban ma san inda aka jefa shi ba. Wani abokina ya ce tunda Birtaniya ba ta buga hatimi idan mutum zai fita, in bar tafiya ɗaya kada in rubuta. Uwargida ma ta je gida haihuwa ta ɗan daɗe. Yaya zan yi?

Amsa:

Malam, da farko Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwancinsa, ya ba ku haƙurin rashi. Allah kuma ya karɓi Hajjinka.

Lissafinka bai yi daidai ba, kuma gara ka ji daga bakina yau da ka ji a takardar ƙin amincewa bayan ka zuba kuɗi. Ka ɗauki shekara daga Janairu zuwa Disamba, alhali Hom Ofis, wato ma'aikatar harkokin cikin gida ta Birtaniya, ba haka take ƙirga ba. Ƙa'idar ita ce kada ka wuce kwana 180 a wajen Birtaniya cikin kowane wata goma sha biyu, ko daga wace rana aka faro su. Tun daga 11 ga Janairu 2018 ake bin wannan tsarin. Kafin nan ana yanka shekaru biyar ɗin gida biyar ne, a duba kowane gida shi kaɗai, shi ya sa har yanzu za ka ji tsofaffin mazauna suna ba da shawara da tsohon lissafi, su kuma da zuciya ɗaya suke faɗa domin haka aka yi musu. Yanzu kuwa ka ɗauka wata igiya ce mai tsawon wata goma sha biyu, jami'in zai ɗora ta a kan kalandarka ya riƙa janta rana bayan rana tun daga farkon shekaru biyar ɗin har ƙarshensu. Duk inda kwanakin da ke ƙarƙashin igiyar suka haura 180, zamanka ya katse a nan.

To mu ɗora ta a kan kwanakinka. Akwai sauƙi ɗaya da ake yi wa kowa: ranar da ka fita daga Birtaniya da ranar da ka dawo ba sa shiga lissafi, cikakkun kwanakin da ka yi a waje kaɗai ake ƙirgawa. Tafiyar jinya, daga 16 ga Satumba zuwa 19 ga Disamba, kwana 95 ce. Ta rasuwa, daga 4 ga Fabrairu zuwa 24 ga Maris, kwana 50 ce, domin Fabrairun 2024 ya yi kwana 29. Ta Hajji, daga 2 ga Yuni zuwa 11 ga Yuli, kwana 40. Idan aka kafa igiyar a tsakiyar Satumban 2023 ta miƙe zuwa tsakiyar Satumban 2024, duka ukun suna ƙarƙashinta, jimilla kwana 185. Ka haura da kwana biyar. Wannan kuma idan babu wata 'yar tafiya da ka manta a tsakani, irin zuwa ɗaurin aure a Dublin ko kai yara Faris kwana uku. Jamhuriyar Ailan wajen Birtaniya ce a wannan lissafin, ko da ba wanda ya tsayar da kai a iyaka.

Akwai wani abu da ke kama mutanenmu musamman, wanda ba za ka gan shi a rubuce a shafin gwamnati ba. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana goma ko sha ɗaya. Wanda ya saba zuwa gida kowace Sallah yana ganin sau ɗaya yake tafiya a shekara, amma Babbar Sallah ta kama 28 ga Yuni a 2023, ta kama 16 ga Yuni a 2024, ta kama 6 ga Yuni a 2025. Tsakanin kowace Sallah da mai bi mata bai cika wata goma sha biyu ba, don haka wani yanki na tafiyar bana da wani yanki na ta bara suna iya faɗawa ƙarƙashin igiya guda. Ga mai yin mako biyu ko uku wannan ba komai ba ne. Ga mai zuwa ya yi azumi gaba ɗaya a gida ya zarce har bayan Sallah, abin dubawa ne. Haka nan kwanakin da suka shiga tsakanin ranar da aka ba ka biza da ranar da ka fara sauka a Ingila a 2021: ana sa maka su cikin shekaru biyar ɗin, amma a matsayin kwanakin da ba ka ƙasar. Idan ka jinkirta tahowa da wata biyu, sannan ka koma gida da wuri a shekarar farko, ka haɗa su ka gani.

Maganar abokinka kuwa, ka bar ta a inda ka ji ta. Gaskiya ne ba a buga maka hatimin fita a Heathrow ko Manchester, amma tun watan Afrilun 2015 kamfanonin jirage da na jiragen ruwa da na ƙasa suke miƙa wa gwamnati bayanan duk fasinjan da ya fita, da lambar fasfonsa. Jami'in da zai buɗe fayil ɗinka yana iya ganin wannan a kwamfutarsa. Ga kuma asibitinku da ke da jadawalin ranakun da ba ka zo aiki ba, ga bankinka da ya ga katinka ya yi shiru wata uku. Mutumin da ya haura da kwana biyar saboda rasuwar mahaifinsa yana da ƙofar da doka ta buɗe masa. Mutumin da ya ɓoye tafiya kuwa ya shiga babin yaudara, kuma wannan babin bai tsaya a ƙin amincewa da wannan buƙatar kaɗai ba: yana bin mutum zuwa neman zama ɗan ƙasa, inda ake duba halin kirki, kuma idan ta kai shi ga barin ƙasar yana iya jawo masa haramcin shiga na shekara goma. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle ƙaryar da kamfanin jirgi ya riga ya tona tun kafin ka yi ta.

Ƙofar da nake nufi ita ce ta uzurin da ƙa'idar zama ba tare da katsewa ba ta amince a cire kwanakinsa daga lissafi. Ba su da yawa. Akwai wanda ya tafi taimakon wani bala'i na jin ƙai ko na muhalli a wata ƙasa. Akwai wanda hanya ta toshe masa saboda annoba ko yaƙi ko bala'i daga Allah, kamar waɗanda rufe filayen jiragen Najeriya ya ritsa da su a gida daga ƙarshen Maris zuwa 5 ga Satumba 2020 lokacin korona, ko waɗanda yaƙin da ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tsare, ko waɗanda suna Yamai aka rufe sararin samaniyar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. Akwai masu bincike na ilimi a wasu rukunan aiki. Sai wanda ya shafe ka: dalili mai ƙarfi na tausayi, kamar rashin lafiyar da ke barazana ga ran mai nema, ko irin wannan rashin lafiyar ko rasuwa ta ɗan'uwa na kusa. Mahaifi yana cikin 'yan'uwa na kusa ba tare da wata gardama ba.

Aikin Hajji ba ya cikin jerin. Na san yana da nauyi a zuciya a ce an lissafa farali tare da yawon buɗe ido, amma haka dokar take, kuma kada ka ɓata tawada kana roƙon a cire shi. Ka rubuta shi yadda yake: Saudiyya, aikin Hajji, kwana 40. Idan ta Najeriya ka bi da jirgin alhazan jiharku, ka rubuta ƙasashen biyu.

Abin da ya rage maka ke nan shi ne ka gamsar da jami'in ya cire aƙalla kwana biyar daga cikin kwana 145 na jinya da rasuwa. A ganina hujjarka mai kyau ce, amma uzurin nan ba ya aiki da kansa. Kai ne za ka nema, kai ne za ka kawo shaida, shi kuma jami'in yana da ikon auna ko dalilin ya kai, da ko tsawon zaman da ka yi ya dace da dalilin. Ni da ni ne, zan nemi a cire tafiyoyin biyu, amma zan sa ta rasuwa a gaba, domin ita ce mafi sauƙin tabbatarwa: mutuwa rana ɗaya gare ta, kuma takarda ɗaya ke nuna ta. Ko da ya ce kwana 50 ya yi yawa ya amince da mako biyu kacal, ka riga ka sauko ƙasa da 180.

Sai dai a nan ne mutanenmu suke tuntuɓe, domin mu ba mu saba da takardar mutuwa ba. Mutum ya cika da asuba, kafin azahar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa, a dawo a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa. Ba wanda ke tunanin ofis a wannan ranar, kuma ba laifi ba ne. Idan a asibiti Baba ya rasu, asibitin yana ba da takardar likita mai nuna ranar rasuwa da musabbabinta, kuma ko ba a karɓa ba a lokacin, fayil ɗinsa yana sashen adana bayanai. Ka tura ƙaninka da katin asibitin ya nema. Da wannan takardar ake zuwa ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a yi rajistar mutuwar a karɓi takardar shaida ta gwamnati. Idan a gida ya rasu, hanyar ta fi tsawo: akan haɗa da takardar rantsuwa daga kotu, wani lokaci da wasiƙar mai unguwa ko dagaci, kafin hukumar ta yi rajista. Takardar za ta fito da kwanan watan da aka bayar da ita, wato bana, alhali rasuwar ta auku a 2024. Wannan ba aibu ba ne, layi biyu za ka yi a wasiƙarka ka ce an yi rajistar daga baya. Abin da zai zama aibu shi ne wani ya ce zai "gyara" maka kwanan wata ya mayar da shi baya, ko ya samo maka takarda ta bayan gida a kan 'yan kuɗi. Hom Ofis takan bincika takardu a inda aka ce sun fito, kuma ana iya ƙin buƙatar mutum saboda takardar jabu ko da ya rantse bai san jabu ba ce.

Ga tafiyar jinya, wasiƙar da ta ce "mahaifinsa ba shi da lafiya" ba ta isa ba. Kana bukatar rahoton likitan da ya duba shi, a kan takarda mai tambarin asibiti, da sunan likitan da sa hannunsa da lambar wayar da za a same shi. Ya faɗi cutar, ranar da aka kwantar da shi, ranar da aka sallame shi idan an sallame shi, kuma ya faɗa a fili cewa ciwon ya kai ga barazana ga rayuwa. Kai ma'aikacin lafiya ne, ka san irin rubutun da nake nufi. Ka haɗa da abin da ya saura a jakar ledar nan da kowane gida ke da ita bayan doguwar jinya: sakamakon gwaji, rasit ɗin magani, rasit ɗin wankin ƙoda ko na gado, da shaidar kuɗin da ka riƙa turawa. Ba duka za ka loda ba. Ka zaɓi waɗanda kwanan watansu ya bazu daga Satumba zuwa Disamba, domin su nuna ciwon bai lafa ba duk tsawon zamanka. Kasancewar ya rasu 'yan makonni bayan dawowarka shi kansa yana ƙarfafa cewa ciwon ba na wasa ba ne.

Sannan ka tabbatar musu cewa mamacin mahaifinka ne. Wannan yana ba mutane dariya har sai sun ajiye takardun gefe da gefe. A fasfonka sunan mahaifi Mohammed, a katin asibiti an rubuta Alhaji Mamman, a takardar hukuma Muhammadu da sunan garinku a ƙarshe, kai kuma da sunan kakanka kake amfani tun firamare. Mu mun san mutum ɗaya ne. Jami'in da ke zaune a Sheffield ko Liverpool sunaye uku yake gani. Ka sa takardar haihuwarka ko takardar shaidar shekaru da ke ɗauke da sunan mahaifi, kuma idan sunayen sun sha bamban sosai, a yi takardar rantsuwa a kotu cewa duk na mutum ɗaya ne. Duk takardar da ba da Turanci aka rubuta ba, ko ta Hausa daga kotun shari'a, ko ta Larabci daga wani asibiti a Masar ko Saudiyya, ko ta Faransanci ga 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru, sai an haɗa ta da fassarar ƙwararre mai ɗauke da sunansa, sa hannunsa, kwanan wata, inda za a same shi, da furucinsa cewa fassarar daidai take.

Wasiƙarka kuma ta zama gajeriya, shafi ɗaya ko ɗaya da rabi. Kai da kanka ka fara ambaton matsalar: daga rana kaza zuwa rana kaza na yi kwana 185 a waje, ina roƙon a cire kaza saboda kaza, ga shaida ta ɗaya, ga ta biyu. Ka bayyana abin da ya zaunar da kai kwana 50 bayan rasuwa cikin harshen da baƙon al'adarmu zai fahimta: ko kai ne babba, mahaifiyarku ta shiga takaba ba mai kula da ita, akwai ƙannai ƙanana, akwai addu'ar arba'in idan gidanku na yi. Rabon gado da bin bashin kasuwa ka ambace su idan gaskiya sun riƙe ka, amma ka san ba su da nauyin da kula da gwauruwar uwa ke da shi a idon mai dubawa.

Yanzu tsohon fasfo. Ka sa a zazzage akwatuna a nemo shi, a aiko maka ta kamfanin aika saƙo mai lambar bibiya ko ta hannun amintacce. Hatiman jami'an shige da fice na Kano ko Abuja da na Jidda ko Madina suna ciki, kuma su ne shaidar da ta fi saurin karantuwa. Amma ka kula, kwanan watan da ke jikin hatimin Najeriya ba lallai ya zama ranar da ka bar Birtaniya ba. Jirgin da ya tashi daga Landan da dare sai da safe yake sauka a Abuja, wanda kuma ya bi ta Alƙahira ko Addis Ababa ko Doha zuwa filin Malam Aminu Kano yana iya kwana a hanya. Abin da fom ke tambaya shi ne ranar da ka fita daga Birtaniya da ranar da ka sake shigowa. Mai tazarar kwana hamsin bai damu da wannan ba. Kai da kake kan gaɓa, kwana ɗaya ma abin lura ne.

Ko an samu fasfon ko ba a samu ba, ka aika wa Hom Ofis buƙatar ganin bayanan da suke riƙe da su a kanka, wadda ake kira SAR. Kyauta ce, ta intanet ake cikewa, kuma doka ta ba su wata ɗaya su amsa, ko da yake sukan wuce, shi ya sa nake so ka tura a wannan makon. Ka nemi tarihin shige da ficenka. Abin da zai zo ba lallai ya cika ba: wani lokaci za ka ga fita ba dawowa, ko ka ga an rubuta tikitin da ka saya amma ba ka hau ba. Idan wata tafiya ba ta fito a ciki ba, wannan bai ba ka lasisin barin ta ba. Amfaninsa shi ne ka ga abin da jami'in zai gani, ka daidaita shi da naka. Sauran giɓin ka cike daga imel ɗinka, inda tikiti da katin shiga jirgi suke kwance, daga hotunan wayarka masu kwanan wata, daga tarihin wurare na Google Maps idan a kunne yake, da bayanan asusun banki. Shayin da ka saya da kati a filin jirgi ranar dawowa ya isa ya raba gardama tsakanin 19 da 20 ga wata. Ka yi hattara da tikitin farko na tafiyar jinya. Mai jinya ba ya dawowa ranar da ya tsara, kusan kullum sai an ɗaga, don haka ka nemo imel ɗin canjin ƙarshe. Idan ka gama, ka zuba komai a tebur guda: ranar fita, ranar dawowa, ƙasa, dalili, adadin kwana. Daga wannan teburin za ka kwafa cikin fom ɗin neman zaman dindindin, wato SET(O), kuma shi za ka ba wurin aiki, domin kada bakinku ya rabu.

Wurin aikin ma akwai magana, kuma ita ce ta fi damuna bayan ta kwana biyar ɗin. Dole ne mai ɗaukar nauyin bizarka ya ba ka wasiƙar cewa har yanzu ana bukatarka a aikin kuma ana biyanka albashin da ya dace. Ka roƙe su su ƙara da jerin ranakun da ba ka nan da irin hutun da aka ba ka a kowanne. Ma'aikacin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, da bai cika shekara biyar ba hutunsa na shekara kwana 27 ne, ban da kwana 8 na hutun gwamnati. Ba yadda za a yi wannan ya rufe kwana 185, ke nan wani kaso mai yawa hutu ne ba albashi. Ƙa'idar masu ɗaukar nauyi ta ce idan ma'aikaci ya yi sama da mako huɗu ba albashi a shekara guda, ban da irin hutun haihuwa ko na rashin lafiyarsa, sai an sanar da Hom Ofis, kuma hakan yana iya kai ga janye ɗaukar nauyin idan ba a ba da gamsasshen dalili ba. Tunda ba a gajarta maka biza ba, izininka bai yanke ba. Amma ka je sashen kula da ma'aikata ka tambaya ko sun kai rahoto a lokacin da kuma abin da suka rubuta a matsayin dalili. Idan sun ce hutun jin ƙai ne saboda rashin lafiyar mahaifi, ka samu ƙarin shaida daga bakin da ba naka ba. Idan ba su kai ba, ka nemi lauya ya duba kafin ka tura komai. Kada ka bari sai saura mako guda, sashen nan ba ya sauri.

Uwargida nata lissafin daban, da igiya iri ɗaya da kwana 180 iri ɗaya, kuma naka ba ya ɗaukar nata. Ba ka faɗa mini kwanakinta ba, amma na san yadda abin yake: a tafi da ciki wata bakwai saboda kamfanin jirgi ba zai ɗauka ba idan ya tsufa, a haihu, a yi suna, a yi wankan jego kwana arba'in, sannan a zauna jiran fasfon jariri da bizarsa. Wata shida yana ƙarewa ba a ankara ba. Haihuwa lafiya lau a gida don son kasancewa kusa da uwa ba ta cikin uzurin da aka ambata da suna. Idan an samu matsalar da ta yi barazana ga ranta ko na jaririn, wannan wata magana ce, a nemo rahoton asibiti kamar yadda na faɗa. Idan nata ya haura kuma ba hujja, kada ka haɗa ta cikin buƙatarka don kawai a tafi tare. Kai ka nemi naka, ita a sabunta mata biza a matsayin matarka har nata shekarun su cika. Kuɗin neman zaman dindindin ya kai fam 3,029 ga kowane mutum ɗaya a Afrilun 2025, kuma ba a mayarwa idan an ƙi.

Idan aka ƙi naka fa? Ba ka da ɗaukaka ƙara zuwa kotu kai tsaye a wannan hanyar. Abin da ke akwai shi ne ka nemi wani jami'i ya sake dubawa cikin kwana 14, kuma shi kuskuren jami'in farko yake nema, ba kasafai yake karɓar sabuwar shaida ba. Saboda haka duk abin da kake da shi ka zuba tun karon farko. Idan katsewar ta tabbata, ba korarka za a yi ba muddin ka sabunta bizar aikinka a kan lokaci, amma sai ka jira har farkon wancan wata goma sha biyun ya fita daga cikin shekaru biyar ɗin da ake dubawa, wanda a kwanakinka zai kai ka wajen ƙarshen 2028. Wannan jiran kuma ya ƙara tsada yanzu, domin a watan Mayun 2025 gwamnati ta fitar da takardar manufofinta inda ta ce tana son mayar da shekarun zama daga biyar zuwa goma ga mafi yawan masu bizar aiki, kuma a Nuwamba ta buɗe jin ra'ayin jama'a a kai. Ka duba dokar da ke aiki a ranar da za ka tura. Tunda ka haura iyaka, ina ganin ya dace ka biya ƙwararre ya duba fayil ɗin ko da sau ɗaya ne, amma ya zama lauya mai lasisi ko mai rajista da hukumar IAA mai kula da masu ba da shawara kan shige da fice, wadda ake kira OISC kafin Janairun 2025. Ban da masu cike fom a ɗaki da ake tallata su a zaurukan WhatsApp.

Kana iya turawa tun saura kwana 28 shekaru biyar ɗin su cika, kada ka riga wannan, kada kuma ka bari bizarka ta ƙare. Ka ci jarrabawar sanin rayuwar Birtaniya tun yanzu, tambaya 24 ce ana son ka ci 18. Da zarar ka tura, ba fita daga ƙasar har sai an yanke hukunci, wanda kan iya ɗaukar wata shida idan ba ka biya kuɗin gaggawa ba. Duk wanda ya hau jirgi zuwa Kano ko Jidda alhali buƙatarsa tana hannunsu, ana ɗauka ya janye ta, kuɗin kuma ya tafi. Azumin 2026 zai kama daga wajen tsakiyar Fabrairu zuwa bayan tsakiyar Maris, daidai lokacin da kake shirin turawa, don haka idan akwai niyyar Umara ko zuwa Sallah gida, ka zaɓi ɗaya: ko ka je ka dawo sannan ka tura, ko ka tura ka haƙura da tafiyar bana.

Teburin nan kuma kada ka yar da shi bayan an ba ka. Idan ka zo neman zama ɗan ƙasa bayan shekara guda, wani ma'auni ne daban: kada kwanakinka na waje su wuce 450 a shekaru biyar na baya, kada su wuce 90 a wata goma sha biyun ƙarshe, kuma dole ya zama kana cikin Birtaniya a daidai ranar da ta cika shekara biyar kafin ranar da aka karɓi buƙatarka. Kwana 185 ɗin nan za su sake fitowa a can. Shi kansa izinin dindindin ɗin yana faɗuwa idan ka yi shekara biyu a jere a waje, abin da ya kamata masu shirin komawa gida su kafa asibiti ko kasuwanci su sani tun kafin su ɗaure kaya.